Ƙabar da ta dawo bayan aiki: in sayar da filina a yi mini aikin na'ura?

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 38, 'ya'yana uku, duka da aiki aka ciro su. Aikin ƙarshe na gaggawa ne, aka tsaga ni a tsaye daga ƙasan cibiya zuwa mara, ɗinkin kuma ya yi ruwa, na yi kusan wata biyu ana wanke shi. Bayan kamar shekara ɗaya wurin ya fara tasowa, aka ce ƙaba ce. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini aiki a wani asibitin kuɗi aka ɗinke da zare, ko shekara ba a rufa ba ta dawo, har ta fi da girma. Yanzu in na tsaya sai ka ce mai cikin wata shida, har barka ake yi mini a gidan biki. In na kwanta tana komawa, amma ba duka ba. Hoton da aka yi mini ya nuna faɗin ramin santimita 11. Ina da ciwon suga, nauyina kilo 96. Ƙanin maigidana ya haɗa mu da wani mai kai marasa lafiya Indiya, ya ce can da na'ura ake yi, ba yanka, 'yan huje-huje ne kawai, kwana biyu a sallame ni. Kuɗin da ya faɗa sai na sayar da filin da na gada wurin mahaifina. Maigida ya ce shawara tana hannuna, uwar mijina kuma ta ce a gwada na gargajiya tukuna. Ga shi ina son ƙara haihuwa ko ɗaya ce. Tsoron wuƙa nake yi, Likita, na sha wuya. Me zan yi?

'Yar'uwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne barkar nan ta gidan biki. Mace ta yi kwalliyarta ta fita cikin 'yan'uwa, a tare ta da "wata nawa ne?", ta yi murmushin dole ta wuce, ta dawo gida ta cire mayafi ta zauna ita kaɗai da abin da ke cin ta. Wannan ma ciwo ne, kuma ya isa dalilin neman magani ko da ƙabar ba ta yi miki zafi.

Kada ki sayar da filin nan yanzu. Aikin na'ura gaskiya ne, ana yin sa, yana da amfani, zan kuma warware miki shi dalla-dalla. Sai dai mutumin nan ya ja hankalinki ne zuwa girman yankan da za a gani a fata, alhali abin da zai hana ƙabarki fitowa karo na uku can ciki yake: yadda aka haɗa tsoka, inda aka shimfiɗa ragar da ake ƙarfafa ɗinkin da ita, halin da jikinki yake ciki ranar aikin, da hannun wanda ya yi.

Kafin mu shiga wannan akwai abin da nake so ki haddace, ki kuma karanta wa maigida. Abin da ke cikin kumburin nan hanji ne da kitsen da ke lulluɓe da shi. Duk ranar da ya yi tauri ya ƙi komawa ko kaɗan, ya kama ciwo mai tsanani, kika fara amai, tusa da bayan gida suka tsaya, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, to hanji ya shaƙe. Hanjin da jini ya daina isa gare shi yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi. A irin wannan rana ba a jiran gari ya waye, ba a aika yaro kemis. Kada ki ci, kada ki sha, a wuce da ke sashen gaggawa na babban asibitin da ake fiɗa dare da rana. Rami mai faɗi irin naki bai cika maƙure hanji kamar ƙarami ba, amma a jikin tsohon ɗinki sau da yawa akwai wasu 'yan ramuka a gefe kamar rariya, kuma su ne masu wannan aika-aika.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuwa, ki karɓe ta da ladabi, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma rami ne a tsoka, jiƙo da shafi ba sa haɗe shi. Abin da nake roƙon ki don girman Allah shi ne kada ki bari wanzami ya kafa miki ƙaho a wurin, ko a yi miki tsaga ko sakiya. A wasu wuraren abin da ya raba fatar nan da hanjinki bai fi kaurin zani ba. In aska ta taɓa hanji, bayan gida zai riƙa fitowa ta fatar ciki, kuma gyaran wannan ya fi gyaran ƙaba wuya nesa ba kusa ba.

Yanzu mu duba abin da ya same ki. A ƙarƙashin fata da kitse akwai tsokoki, biyu a tsaye a gaba, dama da hagu, sai uku-uku a kowane gefe, wannan bisa wannan. An naɗe su cikin wani farin tantani mai tauri, irin wanda kike gani a jikin nama kina ja da wuƙa yana ƙin yankuwa. Shi ne yake riƙe da kayan ciki. Tantanin dama da na hagu suna haɗuwa a tsakiya, daga ƙahon zuci zuwa mara, kuma nan aka tsaga ki. Wurin da aka ɗinke ba ya komawa ƙarfinsa na asali gaba ɗaya. Cikin mutum 100 da aka yi wa irin wannan tsaga ta tsaye, 10 zuwa 20 sukan samu ƙaba daga baya, in kuwa ɗinki ya yi ruwa, ko akwai suga, ko ƙiba, adadin ya haura. Ke duka ukun sun haɗu a kanki. Na faɗi haka ne don na san mata da yawa suna zargin kansu, wai don sun ɗaga bokiti kafin arba'in. Ɗinkin da ya yi wata biyu yana ruwa ya riga ya yi rauni tun kafin ki taɓa bokiti.

Dalilin da ya sa gyaran farko bai riƙe ba, kowane tela ya san shi. In yadi ya yage ya kuma saki, kika jawo bakin biyu da ƙarfi kika ɗinke, gefen ɗinkin ne zai sake ɓarkewa. Dole sai da maho. A shekarar 2000 likitoci a ƙasar Holan suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a kan kusan mutum 200 masu ƙabar ɗinki. Wasu an ɗinke musu da zare kawai, wasu an sa musu raga. Bayan shekara uku ƙabar ta dawo wa kashi 43 cikin 100 na masu zare, da kashi 24 na masu raga. Da aka sake bibiyar su, rahoton 2004 ya nuna a lissafin shekara goma masu zare sun kai kashi 63, masu raga kashi 32. Ramukan mutanen nan kuma ba su wuce santimita 6 ba, kusan rabin naki ke nan. Abu biyu za ki ɗauka daga wannan. Duk wanda ya ce zai sake ɗinke miki da zare kawai, ki yi masa godiya ki tashi. Duk kuma wanda ya rantse miki cewa bayan aikinsa ba za ta taɓa dawowa ba, ya faɗi abin da ba a hannunsa yake ba.

Raga wata saƙa ce ta zaren roba na musamman da jiki yake iya zama da shi. Wani likita a Amurka, Francis Usher, yana cikin waɗanda suka fara amfani da irinta, a 1958. Nama yana tsirowa ta cikin idanunta har ta zama jiki ɗaya da tsoka. Kina iya jin labarin waɗanda raga ta ba su wahala, ta ɗauki ƙwayar cuta ko ta manne da hanji, kuma hakan yana faruwa. Galibi dai wurin da aka ajiye ta ne yake raba gardama. Ana iya shimfiɗa ta a saman tsoka ƙarƙashin kitse, inda take kusa da fata da ƙwayoyin cutarta. Ana iya ɗora ta kamar gada a tsakanin bakin ramin ba tare da an haɗa tsokar ba, wannan shi ya fi saurin ba da kunya. Ana iya manna ta daga can ciki tana fuskantar hanji. Ana kuma iya zura ta a bayan tsokokin nan biyu na gaba, tsakaninsu da tantaninsu na baya, hanyar da likitocin Faransa biyu, Jean Rives da René Stoppa, suka shimfiɗa tun shekarun 1970. Mafi yawan masu gyaran manyan ƙabobi a yau wannan wurin suka fi so. Yana da wadataccen jini, nesa yake da fata, bai taɓa hanji ba. Sannan duk lokacin da kika yi tari ko nishi, ƙarfin cikin yana ƙara danna ragar ne a jikin tsoka, kamar mahon da aka yi wa buhu daga ciki, hatsi na ƙara manna shi.

Wannan yana da nasaba da aljihu ma. Ragar da za ta fuskanci hanji dole ta zama mai shafi na musamman don kada su manne, kuma tana da tsada ƙwarai. Wadda za ta kwanta a bayan tsoka kuwa, gama-gari ta wadatar. Har ma a Uganda, a wani gwaji da aka buga a 2016 a kan maza kusan 300 masu ƙabar matsematsi, raga mai araha da aka yi da irin zaren gidan sauro, aka kuma kashe mata ƙwayoyin cuta, ta yi aiki daidai da ta kamfani. Ƙabarsu daban ce da taki, na kawo misalin ne don ki ga tsadar kaya ba ita ce ingancin aiki ba.

To, mene ne aikin na'ura? Wasu suna ce masa aikin lesa, amma babu wani haske da yake narkar da ƙaba. Fiɗa ce sosai. Za a sa ki barci gaba ɗaya, a hura iskar kabon a cikin don ya buɗe, a yi huji uku zuwa biyar ko fiye, kowanne rabin santimita zuwa ɗaya da ɗoriya. Ta ɗaya a zura kyamara, ta sauran a zura dogayen almakashi da hantsaki, likita yana kallon allo yana aiki. Karl LeBlanc da William Booth, a jihar Luwiziyana ta Amurka, su suka fara ba da rahoton gyara ƙabar ɗinki ta wannan hanya a 1993. Yadda suka yi shi ne a janye hanji daga ramin, a manna raga daga ciki. Amfaninsa a fili yake. Tunda ba a buɗe fata da faɗi ba, ɗinki bai cika yin ruwa ba, kuma ana saurin barin asibiti. Ga mace mai suga da ƙiba, wadda ta taɓa shan wuyar wanke ciwo na wata biyu, wannan babbar riba ce, ba zan ɓoye miki ba. Ta fuskar dawowar ƙaba kuwa, gwaje-gwajen da suka kwatanta shi da buɗewa ba su nuna ya fi ba. Yana kuma da nasa haɗarin. In hanji ya manne da tsohon ɗinki, kamar yadda yakan yi bayan aiki huɗu, ana iya huda shi wajen ɓamɓarewa, kuma hujin da ba a gani ba a lokacin aiki yana iya zama babbar musiba bayan kwana biyu ko uku.

Ga kuma maganar girma. Ƙungiyar likitocin ƙaba ta Turai ta kasa irin wannan ƙaba uku bisa faɗin rami: ƙasa da santimita 4, daga 4 zuwa 10, sai 10 zuwa sama. Taki tana ajin ƙarshe, ga shi ta taɓa dawowa, ga suga. Ita ce ake kira ƙaba mai sarƙaƙiya. A irin wannan faɗi, in aka manna raga daga ciki aka bar tsokokin a rabe, za ki farka da cikin da har yanzu yake turowa, bayanki na ciwo, tari da nishi ba ƙarfi. Abin da kike buƙata shi ne a dawo da tsokokin biyu tsakiya su haɗu. Amma sun daɗe da janyewa gefe, tsokokin gefe suna jan su kamar igiya, ba za su zo da daɗin rai ba. A 1990 Oscar Ramirez ya nuna cewa in aka tsaga tantanin ɗaya daga cikin tsokokin gefen nan uku, bangon cikin zai saki ya matso tsakiya, kamar yadda tela yake farke gefen riga don gabanta ya haɗu. A 2012 Yuri Novitsky da abokan aikinsa a jihar Ohayo suka fito da wata hanyar, inda ake sakin tsoka ta can ciki daga baya, abin da yake buɗe fili mai faɗi a shimfiɗa babbar raga ba tare da ta taɓa hanji ba. Likitoci suna kiran ta TAR, ki riƙe sunan don za ki iya jin sa a bakinsu. A shekarar dai, Jorge Daes na ƙasar Kolombiya ya bayyana yadda za a shiga da kyamara tsakanin shafukan bangon ciki ba tare da an faɗa inda hanji yake ba, ana ce mata eTEP, daga baya Igor Belyansky da wasu suka ɗauko ta suka yi amfani da ita a ƙabar ɗinki. Saboda haka yau ana iya yin babban gyaran nan, haɗa tsoka da raga a bayanta, ta ƙananan huji. Aiki ne mai wuya, yana cin awoyi, kuma sai likita ya yi shi da yawa kafin hannunsa ya faɗa.

Mutum-mutumin fiɗa da wataƙila aka yi miki tallarsa ba ya tunani, ba ya yanke shawara. Likita ne yake zaune a gefe yana sarrafa hannayensa, amfaninsa shi ne yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, ɗinki a lungu ya zo da sauƙi. A wani gwaji da aka yi a Houston aka buga a 2020, a kan mutum 124, an kwatanta shi da aikin kyamara na yau da kullum. Kwanakin asibiti ba su bambanta ba, sai dai mutum-mutumin ya fi cin lokaci da kuɗi. A manyan ramuka masu buƙatar sakin tsoka ne ya fi nuna kansa, inda cibiyoyin da suka ƙware suke ba da rahoton marasa lafiyarsu suna saurin komawa gida fiye da waɗanda aka buɗe.

Ra'ayina shi ne, in kin samu likitan da wannan aikin ya zama abincinsa, yana yin sa kullum ta ƙananan huji, ya kuma duba hotonki ya ce kin dace, madalla, ki karɓa. In kuwa zaɓin tsakanin ƙwararren da zai buɗe ya haɗa tsoka ya sa raga a bayanta ne da mai na'urar da zai manna ya fita, ni wurin mai buɗewa zan kai ƙanwata. Buɗewa ma tana da ribar da ba a cika faɗa ba. Ana iya yanke tsohon tabon da fatar da ta saki. Ta ƙananan huji kuwa jakar fatar tana nan, ruwa yakan taru a cikinta na makonni ko watanni, har mace ta ɗauka ƙabar ce ta dawo. Shi ya sa wasu suke haɗa biyun, su yi na ciki da kyamara, su yi ƙaramin yanka su gyara fata. Ki kuma sani duk likita mai tsoron Allah zai sa ki sa hannu cewa in ya shiga ya tarar hanji ya cakuɗe, zai buɗe. Wanda ya yi haka ya kiyaye ranki ne. Na san tsoron wuƙa da kike yi yana da tushe, amma wancan aikin na gaggawa ne, a jikin da ya galabaita da naƙuda. Wannan shiryawa ake yi, kuma shirin rabinsa a hannunki yake.

Farkonsa suga. Gwajin yatsa na safe bai wadatar ba, ki nemi gwajin suga na wata uku, wanda ake rubuta HbA1c. Likitocin ƙaba da yawa ba sa taɓa wanda nasa ya haura 8 sai an sauko da shi, domin suga mai yawa yana hana nama haɗuwa, yana kuma ciyar da ƙwayar cuta, raga kuwa in ta ɗauki cuta wani lokaci sai an sake shiga an ciro ta. Sai nauyi. Akwai lissafin da ake yi na nauyi da tsawo, ana son ya sauka ƙasa da 35, in ya wuce 40 da yawa sukan ɗage aikin in ba na gaggawa ba ne. Ko kilo 8 zuwa 10 kika rage, kin sauƙaƙa wa likita haɗa tsokar, kin kuma rage ƙarfin da zai riƙa tura ɗinkin. Ki rage malmalar tuwo da shinkafa, ki yawaita miya da ganye, zogale, rama, wake, kifi, ƙwai. Lemon kwalba, zoɓo da kunu masu suga ki yi sallama da su. Ki riƙa tafiya ta minti talatin kullum da ɗamarar ciki. Ɗamarar tana rage nauyi da ciwon baya, ba ta warkarwa, kuma a kwance ake ɗaura ta bayan kumburin ya koma. In kina da tari mai naci, ko hayaƙin itace yana sa ki tari, a magance shi, haka ma taurin bayan gida. Mai shan taba ko shisha sai ya daina aƙalla mako huɗu kafin aiki.

Kin ce in kin kwanta ba ta komawa duka. Wannan ya sa nake so hoton da za a dogara da shi ya zama na siti sikan, domin sikanin da ake goga wa a ciki ba ya nuna komai da komai. Siti sikan zai nuna faɗin ramin na gaskiya, lafiyar tsokokin, ƙananan ramukan gefe, da yawan hanjin da ya ƙaura waje. In hanji ya daɗe a waje, cikin yakan tsuke, wurinsa ya cike, kamar wanda ya daɗe a tafiya ya dawo ya tarar an rage masa ɗaki. In aka tura shi da ƙarfi aka rufe, zai danne huhu, numfashi ya gagara. Ga irin wannan akwai dabaru. Ɗaya ita ce allurar Botox a tsokokin gefe kamar mako huɗu kafin aiki, ta sa su saki su miƙe. Likitan da bai nemi ganin wannan hoto ba kafin ya yanka miki farashi, bai san aikin da zai yi ba tukuna.

Maganar haihuwa ita ce mafi nauyi, kuma dole a gama ta kafin a sa ranar aiki. Ciki bayan gyara yana ƙara yiwuwar dawowar ƙaba, raga ba ta miƙewa kamar tsoka, watannin ƙarshe sukan zo da ciwo, sannan aikin haihuwa na huɗu ta cikin ragar zai bi. Shi ya sa in ƙaba ƙarama ce ba ta damun mace, ake ce mata ta gama haihuwa tukuna. Taki ba ƙarama ba ce, ɗaukar ciki a kanta ma wahala ce mai buƙatar kulawa ta kusa. Ban da haka, bayan aiki uku haɗarin mabiyiya ta kafe a jikin tabon mahaifa yana ƙaruwa, kuma wannan yana jawo zubar jini mai tsanani. Da ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, da shekara 38, da suga, da aiki uku, da wannan rami, zan ce mata ta rungumi ukun da Allah ya ba ta ta nemi lafiyar da za ta raine su. Na san faɗar wannan ya fi jin sa sauƙi. Hukuncin naki ne ke da maigida, amma ku zauna gaban likitan mata tare, ya ji da kunnensa, kada ki zama ke ce mai kai saƙo. "Shawara tana hannunki" magana ce mai daɗi, amma kaya ne da ya fi ƙarfin kai ɗaya. In kun tsaya a kan gyara, ki nemi hanyar tsarin iyali mai ƙarfi kafin aikin.

Indiya tana da ƙwararrun wannan fanni, Masar ma haka. Abin da yake damuna shi ne mutumin da kuke magana da shi dillali ne, la'adarsa tana fitowa ne in kin hau jirgi. Kwana biyun da ya faɗa na ƙaramar ƙaba ne. Sannan matsalolin wannan aiki, taruwar ruwa, zazzaɓi, ɗinki ya yi ja, sau da yawa a mako na biyu ko na uku suke ɓullowa, lokacin kin dawo Zariya, wanda ya yi aikin yana wata nahiya. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a bakin ƙofarki. Ga na Malam Aminu Kano a Kano, ga Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ki fara da ganin babban likitan fiɗa a ɗaya daga cikinsu, in hali ya yi ki ji bakin biyu. Ki koma asibitin da aka yi miki gyaran baya ki nemi takardar bayanin aikin. In kin zauna gaban likita kada kunya ta rufe miki baki. Ki tambaye shi irin wannan ƙaba mai faɗin fiye da santimita 10 nawa yake gyarawa a shekara, ko zai haɗa tsokar ta rufe, a ina zai ajiye ragar kuma wace iri, ko yana ganin sai an saki tsokar gefe, akwai ɗakin kulawa ta musamman in numfashi ya yi nauyi bayan aiki, wa kuma za ki kira in zazzaɓi ya kama ki a mako na biyu. Ƙwararre yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. In kuna da inshorar lafiya ta wurin aikin maigida, ku bincika abin da take ɗauka. In bayan duk wannan likitocin gida da kansu suka ce aikinki ya fi dacewa da wata cibiya a waje, sai a tura hoton kai tsaye ga likitan can, ya rubuto abin da zai yi da kwanakin da za ki zauna kusa da shi. A nan ne maganar fili za ta taso, ki sayar kina sane da abin da kike saya.

Bayan aiki, ko ta wace hanya aka yi, za a tashe ki tafiya tun washegari, wataƙila da 'yar robar da take zuƙe ruwa na wasu kwanaki. Mako huɗu zuwa shida ba daka, ba jarkar ruwa, ba goyo, ba wankin tsugune, sallah a zaune har ruku'u da sujada su daina ja miki. A nan ne za ki buƙaci Hajiya. Ki je ki same ta tun yanzu ki ce, "Hajiya, likita ya ce aiki ne, kuma in an yi sai na samu mai riƙe mini gida da yara na wata biyu, ke nake gani." Tana son ta taimaka ne, ki ba ta inda taimakonta zai yi amfani.

A wannan makon ki yi gwajin suga na wata uku, ki auna tsawonki, ki karɓo takardar aikin baya, maigida ya raka ki ku yanki kati a Shika. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini da lambar da ya nuna da abin da likitan ya ce game da hoton, mu duba tare. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran.